Jinjina ga Masu Kare Kwaɗon Rijiyarmu

Yau da safe jarkata ta fashe, kuma ba ta ga wurin fashewa ba sai ƙofar rijiyar unguwarmu, wadda yanzu aka zagaye da waya aka ɗaure da sarƙa. Na ɗauro ta ne a bayan keke tun daga famfon bakin kasuwa, inda na bi layi har rana ta fara cizo. Ina zuwa daidai wurin, tayar gaba ta faɗa rami, igiya ta kwance, jarka ta dira a ƙasa ta tsage gida biyu. Ni ma na bi bayanta, sai dai ni ban tsage ba, gwiwa ce kawai ta ɗaye.

Ina zaune a ƙasa ina kallon ruwan da na sha wahala a kansa yana malala ta ƙarƙashin waya, sai ga mai gadi ya fito da gudu riƙe da tsintsiya. Na zaci sannu zai yi mini. Ashe ruwan ya zo korewa. Ya ce an ba shi umarni daga sama kada ya bari ko ɗigo ya jiƙa harabar, saboda manya na iya kawo ziyara kowane lokaci, kuma ba sa son taɓo a takalmi. Na tuna masa cewa saboda kwaɗo aka killace wurin nan, shi kuwa kwaɗo da laima yake rayuwa. Ya ce shi ba aikin kwaɗo aka ɗauke shi ba, aikin ƙofa aka ɗauke shi. Na ga gaskiyarsa, na tattara ɓallayen jarkata na tura keke.

Wanda bai san labarin ba, bari in ɗauko masa daga tushe.

Rijiyar nan kakanninmu suka haƙa ta, kuma ba mu taɓa ganin gindinta ba. Duk shekarar da rijiyoyin wasu unguwanni suka ƙafe, tamu tana nan cike, sanyi ƙalau. Da ita muke sha, da ita muke girki, da ita maƙwabcina Mai Wanki yake ciyar da iyalinsa. Akwai famfo a gidana, kada a ce na ɓoye alherin da aka yi mana. Sai dai rabonsa da kawo ruwa tun babbar 'yata tana rarrafe, yanzu kuwa ɗanta ne yake rarrafe. Mai ɗakina ta mayar da kan famfon wurin rataye soso.

Bara ne wasu masu bincike suka zo su ga dalilin da ya sa rijiyar ba ta ƙafewa. Mutanen kirki ne, ba zan ci haƙƙinsu ba. Suka shimfiɗa wayoyi a ƙasa, suka kakkafa turakun ƙarfe, wata na'ura tana ta ƙyafta ido. Da suka gama suka tara mu suka yi mana bayani da Hausar da kowa ya gane: akwai wani shimfiɗeɗen dutse a can ƙarƙashinmu, yana da tsaga, ruwan sama na taruwa a cikinta, kakanninmu kuwa a kan tsagar suka dace. Gwaggona, wadda take zaune a gidana tun rasuwar mijinta, ta ce ita dama ta san ubanta ba ya haƙa a banza.

A cikinsu akwai wata mace mai nazarin ƙananan halittu, muna ce mata Malama. Yayin da mazan suke kan na'ura, ita tana tsugune cikin ciyawar gefen rijiya, inda ruwan da muke zubarwa yake kwanciya. A nan ta ci karo da wani ɗan mitsitsin kwaɗo mai ratsin ɗorawa a gadon baya. Mu mun daɗe da sanin sa, yaran unguwa Ɗan Gayu suke kiran sa, ba mu taɓa ɗaukar sa a bakin komai ba. Ita kuwa sai ta shiga ɗaukar hotonsa. Ta ce masana sun daɗe da fidda rai da irinsa, an ɗauka ya ƙare, ashe yana nan yana shan inuwa a gindin gugarmu.

Abin da ta roƙe mu kaɗan ne. Ta ce kwaɗon nan mu ne muke raya shi ba mu sani ba: duk gugar da aka ja sai ta ɗiga, duk bokitin da aka cika sai ya tumbatsa, wannan ɓarin shi yake riƙe da ciyawa da taɓon da yake zaune a ciki. Don haka mu ci gaba da ɗibar ruwa kamar kullum, sai dai a daina zuba ruwan sabulu ta wannan gefen. Mai Wanki da kansa ya cicciɓi dutsen wankinsa ya mayar can baya, yana cewa a shekarunsa bai taɓa zaton zai tashi ya ba kwaɗo wuri ba. Muka rabu da Malama cikin mutunci, ta tafi ta rubuta rahotonta ta kai ofis.

Daga nan ne alheri ya faɗo mana.

Ofishin da ta kai wa, bari mu kira shi Hukumar Kula da Abin da Yake Zaune Lafiya, cike yake da mutane masu himma, waɗanda aiki ya yi wa yawa har ba sa samun sukunin wuce shafin farko na kowace takarda. Sun ga take, sun ga hoton kwaɗo, sun ga kalmar "kariya". Sauran shafukan, inda aka yi maganar guga da taɓo da mu, Allah ne kaɗai ya san wanda ya naɗe gyaɗa da su. Aka kafa kwamiti. Kwamiti ya je wani babban otal mai nisa ya yi taro a kan kwaɗonmu, ya dawo da ƙiba da shawara.

Wata safiya muka tashi muka ga motar yashi. Kafin mu farga an nome ciyawar tas, an kwashe taɓon, an malale wurin da siminti, an bi shi da tayil mai sheƙi irin na banɗakin masu hali. Aka ja waya, aka sa ƙofa, aka kafa allo mai hoton kwaɗo yana murmushi, aka ɗora fitila mai hasken da zai iya gasa ƙwai. Da muka je da bokitai muna tambayar ina za mu sha ruwa, wani ma'aikacin hukumar mai ɗaure da wuya ya ce mana ci gaba sai da sadaukarwa, kuma an riga an tanadar mana rijiyar burtsatse. Gaskiya ya faɗa, an aza harsashinta. Dutsen harsashin yana nan har gobe a bakin hanya, awaki na hawa kansa su sha hantsi.

Ranar buɗewa kuwa, ban taɓa ganin unguwarmu ta yi kyau haka ba. Rumfuna, kujeru, janareta na ruri, lasifika na amsa-kuwwa har ƙasa na girgiza. Aka raba wa baƙi ruwan gora mai sanyi, mu muna bayan waya muna kallon maƙogwaronsu na hawa da sauka. Can sai ga jiniya, Mai Girma Sarkin Almakashi ya iso, bawan Allah da ba ya gajiya da yanke ƙyalle. Ya yi jawabi mai ratsa jiki, ya ce daga yau babu wanda zai ƙara takura wa wannan halitta mai daraja, yana faɗa yana duban mu. Daga nan ya nemi a nuna masa mai wurin.

Aka duba ko'ina babu Ɗan Gayu. Ina zai ɓuya a kan tayil? Hankalin 'yan kwamiti ya tashi, aka yi ta raɗa, sai ga wani ya sulale ta baya, ya dawo da wani narkeken kwaɗo mai ƙuraje da ya kamo a kwatar bayan kasuwa. Aka ɗora shi a faranti aka gabatar. Wani ɗan jarida mai karambani ya ce wannan ai bai yi kama da na jikin allo ba. Aka ce masa ainihin mai wurin yana hutawa, wannan wakilinsa ne. Mai Girma ya gyaɗa kai cikin fahimta, domin shi ma yakan tura wakili. Aka yi hoto, aka tafa, aka watse.

Tun daga ranar muke bin layin famfon kasuwa. Mai Wanki ya rage karɓar kaya, don ba zai iya jido ruwan da zai wanke su ba, yanzu yawancin yini yana zaune a kan dutsensa yana kallon wayar da aka zagaye rijiya da ita. Gwaggo ta koyi wanka da abin da bai kai cikin buta ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, in faɗa muku gaskiya: tsohuwar da ubanta ya haƙa rijiya, ita ce take auna ruwa kamar magani.

Da Malama ta dawo bayan wasu watanni ta ga tayil, sai ta cire tabarau ta goge ta mayar, ko idonta ne. Ta nemi shiga, mai gadi ya ce sai da izini. Ta juyo gare mu ta ce, "Na rubuta musu a bar ku ku ci gaba da ɗiba. Wallahi na rubuta." Muka ce mun yarda. Ta yi ta zarya zuwa ofis tana roƙon a buɗe ƙofa a fasa simintin. Aka ce mata aikin ya riga ya kammala cikin nasara, har an ba shugaban kwamiti lambar yabo, buɗe ƙofa yanzu tamkar cewa an yi kuskure ne, su kuwa ba su da sashen kuskure. Amma don a nuna mata ana sauraron masana, aka kafa sabon kwamiti na neman inda kwaɗon ya koma. Aka yi shela cewa duk wurin da aka same shi, za a ba wurin cikakkiyar kariya irin wadda aka ba rijiya.

To, mu dawo kan yau. Na shiga gida da gwiwa a ɗaye, babu jarka babu ruwa, na shirya kunnena don jin abin da ya sawwaƙa. Sai ga mai ɗakina ta taso. Ta kama hannun rigata ta ja ni lungun da randarta take, inda ruwa ke tsattsafowa ya jiƙa yashin gindi, har 'yar ciyawa ta tsiro. Ta ɗaga wani tsohon kasko da ke kife. Ga Ɗan Gayu nan zaune, ratsinsa na ƙyalli, da iyalinsa a gefe, suna kallona kamar ni ne baƙon.

Nan take na hango waya zagaye da gidana, tayil a tsakar gida, mai gadi a ƙofar ɗakina yana tambayata izini, ni da iyalina muna waje muna jiran a aza mana harsashin sabon gida.

Muka kira Mai Wanki aka yi shawara ƙasa-ƙasa. Mai ɗakina ta ce duk wanda ya kawo siminti kusa da randarta, da muciya za ta tarbe shi. Mai Wanki ya kawo dabarar da har yanzu nake jin daɗinta a raina: a sa kwaɗin a gwangwani a jefa ta katangar gidan shugaban kwamiti, sannan a kai rahoto, mu ga yadda kariya za ta karɓe shi. Gwaggo ce ta hana. Ta ce gidan can ko'ina tayil ne, kafin azahar sun bushe, kuma ita ba za a kori wanda ya zo neman mafaka a gidan da take ba. Ta ce tare aka kore mu daga rijiya ɗaya.

Na rasa yadda zan yi, sai na kira Malama a waya na ce ta zo ta duba mini wani abu, kada ta zo da motar ofis. Da la'asar ta iso a ƙafa. Ta tsuguna a gindin randa ta ɗaga kaskon ta leƙa, na ga ƙwalla ta taru mata. Wannan fa shi ne abin da ta yi shekaru tana nema, da shi za ta iya wanke sunanta a gaban duk wanda ya ce ta kawo labarin ƙanzon kurege. Ta mayar da kaskon a hankali, ta miƙe ta karkaɗe zaninta, ta dubi Gwaggo, ta dube ni.

"Baba, ni ban ga komai ba," in ji ta. "Amma kada ku bari wurin nan ya bushe."

Saboda haka gobe zan sayi jarka biyu, ɗaya tamu, ɗaya ta baƙi. Ni da aka raba da rijiya saboda kwaɗo, ni ne zan riƙa bin layi ina jido wa kwaɗon ruwa a keke, a ɓoye, don kada masu kare shi su ji labari. In kun wuce ta ƙofar gidana bayan an yi ruwan sama kuka ji wani ɗan ƙara, ku ɗauka ƙofa ce take son mai.

Mai Wanki ya leƙo yanzu ya ga ina rubutu, ya ce ko na haukace ne zan tona asirinmu a jarida. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ya dubi taken da na sa wa rubutun. Mutanen ofis daga nan ba sa wucewa.