Rasuwar Doguwar Fitilar Falonmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da falo mai cike da duhu, ni Sabiru Garba na unguwar Sabon Gari, Gusau, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar doguwar fitilar falonmu. Ta rasu ranar Litinin, 9 ga Maris, 1998, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, a hannuna, ina tsaye a kan turmi. Shekarunta tara.

Marigayiyar farar fitila ce mai tsawon ƙafa huɗu. Ta shigo gidanmu wata biyu bayan aurena da Ladidi, kuma tun daga ranar ba ta taɓa neman komai ba sai abu ɗaya: a kunna ta tun la'asar. Idan aka bari magariba ta yi, unguwa duk ta kunna nata, wuta ta yi rauni, to ba za ta tashi ba. Sai dai ta yi ta ƙyal, ƙyal, tana kallon mutum. In kuwa aka kiyaye mata wannan, takan ce tik, tik, ta kama, sannan ta shiga ɗan gurnaninta, zuuu, wanda baƙi kan ɗauka sauro ne. A ƙarƙashinta 'ya'yanmu biyu suka koyi karatu.

Rashin lafiyarta ya fara ne daga bakin yayan matata, Alhaji Hamidu na Bungudu. Da ya zo gaisuwar Sallah ya ɗaga kai ya ce falona ya yi kama da kantin magani. Na yi dariya tare da kowa. Da ya tafi na yanke shawarar gyara falon kafin Ladidi ta haihu, na kuma aika masa cewa ranar suna zai ga fitilar da babu irinta daga Gusau har Bungudu.

Abin da na ware ya tafi a fenti da silin. Fitilun adon da na taya a kasuwa duk sun fi ƙarfina. Ina dawowa daga Funtuwa na ga wata a bakin hanya a Tsafe, cikin kayan gwanjo, mai reshe shida da duwatsun gilashi suna lilo. Mai kayan ya sallama da wuri. Na ɗauka iya ciniki ne irin nawa.

Ranar da aka sauke marigayiyar, Ladidi ta tambaye ni daga ƙofar ɗaki, "Malam, mi ta yi maka?" Na ɗauki fitilar. Na kwantar da ita a saman wadirob.

Mas'udu mai gyaran wuta ya rataye sabuwar, ya leƙa ramukan ƙwayayenta ɗaya bayan ɗaya, ya sauko daga tsani.

"Malam, wanga abu ƙwanshi ba ya garin ga," in ji shi. "Namu tura shi ake yi a kaɗa. Wanga siriri ne, na murɗawa. A mai da tsohuwar gefe guda, ko don yara."

Na ce masa aikinsa rataya ne, ya kuma rataya. Na kwashe mako biyu ina zaga shagunan kayan wuta na Gusau. Wasu sun ce babu. Wani ya kira maƙwabcinsa su yi kallo.

Ranar Alhamis da ta wuce Ladidi ta haifi ɗa namiji. Ranar Litinin na amince da shawarar Mas'udu, amma na ji kunyar kiransa. Babu wuta a lokacin, don haka na jawo turmi, na hau, na ɗaga marigayiyar da hannu biyu zuwa wurinta na da. Bincike ya nuna cewa makunnin fanka a kunne yake tun safe, kuma ni na bar shi. Aka kawo wuta, fankar sama ta juya. Kalmarta ta ƙarshe ita ce fau.

Ta rasu ta bar cok ɗinta mai daidaita mata wuta, sitata masu tayar da ita guda biyu, ɗaya mai rai ɗaya ba a tabbatar ba, da fankar da har yanzu take bakin aiki ba a tuhume ta ba. Akwai kuma magajiyarta ta Tsafe, wadda ke rataye a tsakiyar falo, kyakkyawa ƙwarai da rana.

An tattara abin da ya samu cikin buhun siminti. Za a binne shi gobe Laraba da hantsi a bayan gida, nesa da inda yara ke yawo ba takalmi. Ana karɓar gaisuwa daga safe zuwa ƙarfe shida. Mai son wuce haka ya zo da tocilarsa.

Suna jibi ne, kuma Alhaji Hamidu ya aiko cewa zai zo da abokansa uku, za su tsaya har bayan isha'i. Na cire reshe ɗaya na sabuwar fitilar na ba Haruna direba ya gwada a Kano. Ya ce zai dawo jiya. Zuwa lokacin rubuta wannan sanarwa, ba a ga motarsa a tasha ba.