Ushijima Mai Filaye Goma Sha Biyu

Allah ya yi wa unguwarmu gata da ya ba ta Ushijima Noboru. Duk faɗin Japan manyan ƙungiyoyin besbol, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda, goma sha biyu ne, kuma babu wadda takalmin bawan Allahn nan bai taka filinta ba. Tun da ya yi ritaya daga kamfanin firiji ya saɓi jaka, ya zura tef ɗin awo a aljihu, ya bi jirgin ƙasa gari gari. Shi ya sa muke ce masa Goma-Sha-Biyu, shi kuwa ya amsa har da ɗan rusunawa, a zatonsa lambar girma ce.

Ilimi kam sai dai mu ce madalla. Ya san faɗin kujerar kowane fili, don da hannunsa ya auna. Ya san inda romon taliya ya cika gishiri, ya san inda layin bayi ya fi sauri.

"Filin arewa rufinsa ba laifi, iskar ce ba ta da ladabi," in ji shi a gidan wankan unguwa, yana jiƙe cikin ruwan zafi har wuya. "Na kudu kuwa, kujerunsa na marasa matsayi ne. Amma ku da ba ku taɓa fita ba, ina za ku gane?"

Abu ɗaya ne ba a tambayarsa, wato wa ya ci wasan. Babban mutum ai ba ya ɓata idonsa a kan ƙananan abubuwa.

Ana nan sai ciwon baya ya kwantar da tsohon da ke riƙe wa magoya bayan unguwarmu tuta. Tutar nan ba wasa ba ce, duk wanda ya riƙe ta shi ne shugaba, shi ke ɗauko waƙa a bi. Goma-Sha-Biyu ya ƙwallafa rai a kanta har abinci ya daina shiga. Tun kafin a zauna zaɓen magaji ya buga katin suna ɗari biyar, kowanne da "Shugaba" a ƙasa. Matarsa Sumie ta ce, "Maigida, da ka ɗan jira." Ya ce mata ba ta san yadda ake tafiyar da manyan al'amura ba.

Abokiyar takararsa Inna Tsuruta ce mai awara, wadda ta shekara arba'in a kujera ɗaya a fili ɗaya.

"Fili ɗaya!" Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baiwar Allah, da me za ki kwatanta shi?"

Aka yanke cewa a wasan ranar Lahadi kowa zai riƙe tutar rabin lokaci, in an tashi a ɗaga hannu.

Ka'idar tamu ko jariri ya san ta. In namu ke bugu, mu miƙe mu rera wa kowane ɗan wasa waƙarsa. In baƙi suka karɓi sanda, mu zauna mu yi tsit, mu bar wa nasu magoya bayan fage. Inna Tsuruta ta yi nata rabin da muryarta ta mai talla, ta miƙa tuta, ta koma ta buɗe ƙunshin shinkafarta.

Sai ga shugaban gobe da farar safar hannu. Baƙi ne ke bugu, kowa na zaune. Shi kuwa ya ga taro ya nutsu, ya ɗauka lacca ake jira. Ya juya wa fili baya, ya gyara murya.

"Jama'a, matattakalar nan da kuke zaune a kai, a filaye goma sha biyu ita ce ta tara wajen..."

Ƙwas! Baƙo ya zabga wa ƙwallo sanda ta tsallake katanga, da 'yan'uwansa uku suna jiran gudu. Shi da su duk suka zagayo gida, maki huɗu a kanmu lokaci guda. Can ɗaya ɓangaren ya kece da ihu.

Goma-Sha-Biyu ya ji ihu, kuma a saninsa ba a ihu sai don alheri. Ya ɗaga tutarmu sama ya shiga kaɗawa, hagu da dama, yana kurma ihun murna, "Banzai!" har sau uku. Wayyo kunya! Babban allon fili ya hasko shi, fuska fal annuri, mu kuma a bayansa kamar masu zaman makoki. Magoya bayan baƙi, da yake masu ladabi ne, suka miƙe suka rusuna masa gaba ɗaya. Ya rusuna musu shi ma.

Inna Tsuruta ta ajiye tsinken cin abincinta. "Ushijima, ɗan waiwaya mana ka ga yadda ake yin wasan. Wallahi akwai daɗi."

"A manyan filaye haka ake karrama baƙo," in ji shi, amma muryar ta riga ta sirance.

Da aka tashi, hannu ashirin da uku aka ɗaga wa Inna Tsuruta. Na Sumie ne ya riga kowa, mijin kuma ya tsaya yana kallonta, baki buɗe.

Amma mu ba butulu ba ne, ba ma barin gwani ya tafi hannu wofi. Nan take aka naɗa shi mai riƙe ledar shara bayan wasa, muƙamin da ake yi kai a sunkuye, ba sai an san wa ya ci ba.