Hancin da Ya San Ƙasarsa

Ko me zan manta a rayuwa, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaya ga Oktoba ta shekarar da na fara koyarwa a wata firamare kusa da Magamar Jibiya, dab da iyakarmu da Nijar, ba. A lokacin kishin ƙasa ya cika ni har ya yi ambaliya. Hulata kore da fari, babur ɗina kore da fari, ko mai shayi ya ce ƙasa ta lalace sai na ajiye kofi mun yi ta.

Gaskiyar magana kuma, ba ƙasa kaɗai nake wa kishi ba. Akwai Malama Hadiza, mai koyar da lissafi, wadda na yi wata uku ina neman ta ɗauke ni mutum mai nauyi. (Ita kuwa kallon mai yawan surutu take yi mini, kuma ba ta yi ƙarya ba.)

Duk da ranar hutu ce, na shirya kai 'yan aji shida bakin iyaka su ga inda ƙasarsu ta ƙare. Na roƙi Malama ta raka mu ta ɗauki bidiyo da wayarta. Muka bi ta cikin gonaki saboda cunkoson manyan motoci, yara a ƙasa, ni ina tafe a hankali bisa babur da tuta ɗaure a gora. Da muka kai wani guntun siminti da ciyawa ta rufe, na jingine babur a jikinsa, muka ƙara gaba zuwa wata gonar gyaɗa mai kyau.

Nan na kafa tuta, muka rera taken ƙasa. Sai na durƙusa na damƙi ƙasa, na kai hanci.

"Yara, ko an ɗaure mini ido, da ƙanshi nake gane ƙasar Najeriya! Ta can ƙetare rairayi ne kawai. Wannan kuwa, ita ce uwa!"

Na sumbace ta, har da ƙwalla. Na saci kallon Malama, na ga waya na kaina, na ce a raina yau dai na ci kasuwa.

Sai wani dattijo da ke cirar gyaɗa ya miƙe, ya kaɗe hannu, ya yi mana sallama.

"Malam, sannunku da biki. Amma wagga gona tawa ta, kuma cikin Nijar take. Najeriya can kunka baro ta, inda ka jingine babur."

Na waiwaya. Ashe guntun simintin nan shi ne alamar iyaka. Wato na kwaso 'ya'yan mutane talatin na tsallaka da su wata ƙasa ba takarda, na kafa tuta a gonar bawan Allah, na kuma zagi ƙasarsa ina tsaye a kanta, da ita a leɓena. Yara suka fashe da dariya. Malama ma dariya take, waya na kaina. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

"Baba, a yi haƙuri," na ce.

"Ba komi, ɗana. Tumɓuke tutar dai kahin jandarma su gani. Ni ma uwata 'yar Jibiya ta."

Shi da kansa ya riƙe mini gorar har bakin simintin, ya cika wa yara aljihu da ɗanyar gyaɗa, ya ce Allah ya zaunar da ƙasashen biyu lafiya. Amin ɗin da na amsa ta fi duk jawabina gaskiya.

Malama Hadiza dai ta aure ni, wai ranar ce ta fara ganina na yi shiru. Har yau ina son ƙasata, hular ma tana nan. Sai dai duk ɗaya ga Oktoba takan ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, shinshina mana, dawar wace ƙasa ce?" Ni kuwa na koyi darasi: kafin ka sumbaci ƙasa, fara tambayar mai gona.