Cikin Hamisu da Furar Lantana

"…Gajiya ta bi lahiya. Zamna, mijina, hura na jiranka."

Tun rasuwar kakansa Mainasara, shekara huɗu ke nan, kullum da azahar Hamisu tela yakan rufe shago ya zo shan fura wajen kakarsa Lantana, don in bai zo ba ita ma ba ta sha. Yau dai ya zauna yana kallon ƙwaryar kamar an ajiye masa sammaci.

"Tsohuwa, daga asibiti nike. Likita ya ce in bar nono. Shi ka murɗa man ciki."

"Nono? Shekarata tamanin ina shan shi, ko gyatsa ban taɓa yi ba!"

"Na hwaɗa mashi. Ya ce kowa da irin cikin da ya gada."

"To a ina ka gado naka? A tashar Ɗan Issa aka tsinto ka?"

"Ke dai 'yar maraƙi ce aka ɗaura wa zane."

"Kai kuma miji ne na kwali, ludayi guda ya kada ka."

Hamisu ya dafe kai, abin ya ɗaure masa. "Likita ya ce in riƙa cin abinci kan lokaci, in rage damuwa. In na zo, ciki ya murɗa. In ban zo ba, ki kwana da yunwa, ni in kwana da damuwa. Wanne zan bi?"

"Sakina za ka yi ke nan? Gobe in auri likitan."

"Da wane haƙori za ki yi mashi murmushi?"

Lantana ta miƙe tsaye, har Hamisu ya tsorata ko ya wuce gona da iri. Sai ta shiga ɗaki, ta fito da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki da ƙullin tsamiya.

"Ta kakanka ce, shi ma cikinshi bai ɗaukar nono. Shekara arba'in da ruwan tsamiya nike dama mashi, a ɓoye, kada abokai su yi mashi dariya."

"Kin san haka, kika bar ni shekara huɗu ina zarya bayan gida?"

Ta ƙyalƙyale da dariya har da hawaye, ta miƙa masa ƙwaryar.

"Na zaci ni ka gado, ja'iri. Ashe shi ne ya dawo man."