Ranar da Na Murɗe Hannun Baban Safiya

Akwai la'asar ɗin wata Juma'a a Madina da ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma Allah Ya sani na yi ƙoƙarin mantawar.

A farkon shekarun tamanin ne. Ni haifaffen Madina ne, amma ina aikin direba a Yanbu, a wani kamfani da ke gina matatar mai. Lokacin siriri ne ni kamar kara (mahaifiyata takan ce in iska ta taso in riƙe wani abu). A wani lokacin aikin hajji, wani ƙato ya damƙe mini hannu cikin cunkoso, ya zare agogona ya yi gaba, ni kuwa ina tsaye baki buɗe. Agogon bai dame ni kamar tsayuwar ba. Na yi wa kaina alkawari ba wanda zai ƙara riƙe ni haka.

Cikin waɗanda nake tuƙawa akwai wani injiniya Bajapane, gajere mai furfura, muna ce masa Muhandis Okada. Ya iya jujutsu, kokawar kare kai ta kakanninsu, wadda ake murɗe gaɓar mutum a kayar da shi da ƙarfinsa. Na nace masa har ya yarda ya koya mini bayan an tashi aiki, a kan tsofaffin katifu a bayan sito. Da fari faɗuwa kawai ya koya mini. Na sha ƙasa har kafaɗuna suka kumbura, ban fasa ba. Daga baya muka zo kan abin da ya kawo ni: yadda za ka kuɓuta in an riƙe maka wuyan hannu.

"Maimaita," yake cewa da guntun Larabcinsa, "har hannu ya iya shi kaɗai."

Ni kuwa na ɗauki maganar da zafi. Mai dafa abincin kamfani, masu gadi, ƙannena a gida, kowa sai na ce masa, "Riƙe ni nan." Har mutane suka fara ɓoye hannuwansu in sun hango ni.

A daidai wannan lokacin nake neman Safiya. Mahaifinta, Alhaji Bawa, dattijo ne mai sayar da dabino kusa da Harami, kuma an sa ranar da baffannina za su je gaishe shi.

Ranar nan na fito daga sallar la'asar, na ratsa layin masu dabino ina tafe ina tunanin Safiya. Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu ta baya. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Ƙafa ta ja baya, ƙugu ya juya, hannu ya murɗa, kamar yadda aka koya mini, babu kuskure ko ɗaya. Har wani daɗi na ji (wannan ne ya fi ba ni kunya). Na ji wani abu ya faɗa cikin kwandon dabino, rawani ya warware ya yi nasa wuri.

Na duba. Ƙafafu biyu ne a sama, da takalmi ɗaya.

"Innalillahi! Ya walad, kai yaro, me na yi maka?" in ji Alhaji Bawa daga cikin kwandon. "Gaisawa fa zan yi da kai!"

Na durƙusa ina "Baba, ka yi haƙuri, Baba, na ɗauka ɓarawo ne." Ka ji fa gyaran magana. Masu shaguna suka taru, wani Bahindiye yana tsince masa dabino daga gemu, wata hajiya 'yar Kano tana tambaya ko aljanu gare ni.

Mai ɗori ya ce targaɗe ne, aka naɗe hannun dama. Baffana ya kira ni ya ce, "Halas, shi ke nan, maganar zuwa gaisuwa a ajiye ta. Da wace fuskar za mu shiga gidan?" Safiya ta aiko ƙanwarta da saƙo gajere: in na gama da babanta, wa ke biye?

Na yi kwana biyu ban fita ba. A na uku na ce yadda na nace na koyi ɓarnar, haka zan nace in gyara. Na ɗauki hutu, na je shagon Alhaji Bawa na zauna. Ya ce, "Tashi ka ba ni wuri." Na ce, "To, Baba," na matsa kaɗan na ci gaba da zama. Ni ke auna dabino, ni ke ɗaukar kwali, ni ke zuba masa ruwan alwala. Bai kula ni ba, sai dai in na miƙa masa buta ya ja jikinsa baya.

Ranar da aka kwance hannun, ya daɗe yana juya shi. Sannan ya miƙo mini ɗayan.

"Ɗan nan, nuna mini yadda ka yi. A hankali fa, shuwayya-shuwayya. In na faɗi, babu kai babu Safiya."

Na nuna masa a hankali. Ya gyaɗa kai ya ce, "Tayyib, ya yi kyau. Ko ba komai, ba mai taɓa mini 'ya a hanya. Ka ce wa baffanninka su zo."

Da na koma Yanbu na ba Muhandis Okada labari, ya yi dariya har da zama a ƙasa, sannan ya sa na yi makonni ba na yin komai sai juyawa in kalli wanda ya riƙe ni. Ban daina koyo ba har ya koma ƙasarsu.

Ranar ɗaurin aure kuwa, ana gama addu'a surukina ya ɗaga murya: "Jama'a, mai son yi wa ango murna ya zo ta gaba, kuma ya yi sallama da ƙarfi!"

Abin da na koya dai shi ne, kafin ka koya wa hannunka aiki shi kaɗai, fara koya wa wuyanka waiwaye.