Ranar da Na Kai Ɗiyar Fari Awo

Wahala dai na sha ta a waccan shekarar, ba wani daɗin baki. Amma abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba shi ne ranar da na kai ɗiyata ta fari awo asibitin Dutsin-Ma. Naira ba ta daɗe da fitowa ba a lokacin.

Ƙyanda ce ta kama yarinyar bayan yaye. Ta tashi, amma ta rame, wuya kamar sillen kara. Duk wanda ya tambaya sai mu ce da sauƙi. To, da sauƙi kuwa mun faɗe ta a kan yaran maƙwabta har zuwa safiyar da aka kai su makwanci. Tsohuwata ce ta fara kai ta asibiti, aka ce a riƙa ba ta kunun gyaɗa da wake, a dawo da ita bayan wata guda. In ba ta ƙara nauyi ba, sai Katsina, a kwantar da ita.

Wata ya cika, ƙafar tsohuwa ta kumbura, mai ɗakina kuma tana jego. Saura wa? Ni.

Yaran yanzu ba za su gane ba. A wurinmu Rawayau, ɗan fari ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in yana kuka ma sai ka kalli wani wuri. Kunya ce. (Har yau da ta aurar da nata 'ya'yan, ba zan rubuta sunanta a nan ba.) Haka na naɗe ta a zane kamar ƙunshin goro, muka shiga motar kasuwa daga Kurfi. Wata mata a motar ta leƙa ta ce, "Malam, ɗiyarka ce?"

Na ce, "Ta gidanmu ce."

A asibiti mata ne cike da rumfa, kowace da goyo, ni kaɗai ne mai gemu. Na raɓe a bakin benci ina kallon ƙasa. Mai awon wata Kirista ce daga kudancin Zariya, ana ce mata Sista Rahila, Hausa a bakinta tsaf, sai dai tana sirka ta da Turanci. Da layi ya zo kaina ta ce, "Baban yarinya, yaya sunanta?"

Na ce, "Ita ce wadda tsohuwa ta kawo wancan watan."

"Tsofaffi nawa ke zuwa nan? Sunanta na tambaya."

Na hau gyara hula. Mata suka fara ƙunshe dariya. Wata ta ce, "Sista, ƙyale bawan Allah, ta fari ce." Sista ta girgiza kai, ta buɗe zanen, ta ce ai ta gane ta, mai ƙyanda. Ta zura ta cikin wandon sikeli ta rataye. Yarinya na wutsil-wutsil, allura na rawa. Ban iya karanta sikeli ba, fuskar Sista nake karantawa.

Sai ta juya ga abokiyar aikinta ta faɗi wata kalma da ƙarfi. A kunnena, "tiraibin" na ji. (Daga baya wani malamin firamare ya rubuta mini ita a ƙasa da tsinke, wai thrive.) Na ce, "Sista, a yi mini da Hausa, ni aji biyu na yi aka mayar da ni gona."

Ta ce, "To manomi ne ma, za ka gane. Ka san gero in ya sha fari, ya yi lanƙwas, sannan ruwa ya sauka? Akwai wanda bai mutu ba kawai, yana nan tsaye. Akwai kuma wanda ya yi kore shar, kullum ka zo ka ga ya ƙaru. Wannan na biyun muke faɗa wa haka. Ana faɗa wa shuka, ana faɗa wa yaro, har mai shago in ciniki ya karɓe shi. Ɗiyarka ba sauƙi kawai ta samu ba, gaba take yi. Babu zuwa Katsina."

Wallahi ban san lokacin da na fizge ta daga wandon nan ba. Na ɗaga ta sama, na kira sunanta da ƙarfi, na sake kira, ina cewa ɗiyata, ɗiyata! Har da taka rawa, ni da ko a bikina ban taka ba. Hulata ta faɗi. Wata shaƙiyiya ta rangaɗa guɗa, rumfa ta ɗauka.

Ina juyowa sai na ga hannu ya miƙo hular. Na bi hannun da kallo. Surukata ce, uwar mai ɗakina, ta taso daga Karofi ta kawo wani jikanta awo. Matar da in na hango ta daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa. Ashe tun shigowata tana bayana, ta ja mayafi ta rufe fuska don kada ta ba ni kunya.

Na zube ƙasa da yarinya a hannu, na ce, "Inna, ina kwana," alhali rana ta take. Ba ta dube ni ba. Yarinyar ta duba, ta ce, "Ke, gaya wa mai rawa ya karɓi hularsa." Sannan ta shafa kumatun yarinyar ta ce, "Alhamdu lillahi, an yi nama." Ban sani ba kuka take ko dariya, ban kuwa ɗaga kai na bincika ba.

Labari ya riga ni isa gida, don motar farko ta kwashi matan garinmu. Ina sallama mai ɗakina ta ce daga cikin ɗaki, "Sannu da zuwa, sarkin rawa. An ce ashe ka san sunanta." Tsohuwata ta yi ta salati, tana share hawaye, tana cewa na zubar mata da mutunci, a lokaci guda tana jujjuya yarinyar tana latsa cinyoyinta.

Abin da na koya bai da yawa. Kunya ba ta kashe mutum, na gwada na gani. Amma in murna za ta kama ka a bainar jama'a, ka fara waiwayawa ka ga wa ke zaune a bayanka.

Da gari ya waye na sunkuyar da kai na ɗauki keke na tafi Kurfi sayen gyaɗa. Na bi ta bayan gari, don a bakin masallaci an riga an fara gwada yadda na taka.