Goron Baba Sale da Kifayen Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ƙarfe goma da kwata na safe, a ɗakin karɓar baƙi na kamfaninmu da ke Sharaɗa. Mu biyar ne tsaye gaban akwatin kifi: Alhaji mai kamfanin, da Baba Sale mai shara, da Kabiru wanda ya haɗa akwatin, da Sajan shugaban masu gadi, sai ni, riƙe da rahoto mai shafi uku. (Na faɗi yawan shafukan ne don ku san ba da wasa na shirya wa kaina wannan kunya ba.)

Tabarmar roba muke yi. Aikina duba inganci: duk tabarmar da saƙarta ta karkace ko launinta ya koɗe, ni ke mayar da ita baya. Ma'aikata suna kirana Oga Kwaliti, kuma a lokacin ina jin daɗin sunan. Na sha faɗa a taro cewa babu abin da yake wuce idona.

Shi kuwa akwatin kifin, Alhaji ne ya ga irinsa a wata tafiya, ya dawo ya ce sai an yi masa. Gilashi ne mai tsawon gado, cike da ruwan gishiri irin na teku, da farin yashi, da duwatsu, da ƙananan kifaye bakwai masu launi kamar an yi musu fenti. Kabiru yakan zo daga Hotoro duk bayan mako biyu ya duba. Sauran kwanaki kuwa Baba Sale aka damƙa wa: ya goge gilashin ta waje, ya zuba wa kifayen ɗan abinci kaɗan sau ɗaya a rana, shi ke nan.

Sai Kabiru ya tafi Legas sayo kaya, ya daɗe. Bayan tafiyarsa da kwana kaɗan wani jan abu ya fito a kan yashin. Da fari kamar tabo. Kafin mako ya zagayo ya shimfiɗu kamar bargo, ya haye duwatsun, yana yauƙi kamar miyar kuɓewa, da 'yan kumfa a jikinsa. A kwashe yau, gobe ya dawo da 'yan uwansa. Wani dillali da ya zo daga Maraɗi ya leƙa, ya tambayi Alhaji ko yanka aka yi a ciki. Wannan tambaya ce ta sa Alhaji ya ce a gano masa ko mene ne.

Ba wanda ya sa ni. Ni na ɗaga hannu.

Kwana biyu ina nazari, a rana ta uku Baba Sale ya gaishe ni yana murmushi, na ga haƙoransa. Baba Sale mutumin Challawa ne, dattijo, shekararsa goma sha tara yana share kamfanin nan, kuma ban taɓa ganinsa babu goro a bakinsa ba. Haƙoransa ja. Abin da ke cikin akwati ja. Wa ke tsayawa a kan akwatin kullum, murfi a buɗe? Nan take na ji kaina ya yi haske.

Amma ni mutumin awo ne, ba na zargi sai da hujja. Na sayi goro, na kankare shi cikin kwalbar ruwa, na ajiye a taga. Washegari ruwan ya yi jaja-jaja. Na ɗebo jan abin a wata kwalbar, na jera su biyu, na ɗauki hoto. A shafi na uku na rubuta cewa launukan sun yi daidai "ba tare da wata tantama ba", na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Da Alhaji ya karanta, ya ajiye rahoton a kan tebur. Can ya ce, "Sale ya daɗe da mu. Amma in ta tabbata goro yake tofa wa kifina, ya gama aiki a nan. A bari Kabiru ya dawo, a yi ta gaban kowa."

Wannan ce ta kawo mu safiyar Laraba.

Na karanta rahoton a tsaye, ina tsayawa a kowace aya. Baba Sale yana gefe, ya harɗe hannu a baya, ranar ko goron babu a bakinsa.

"Sale, ka ji," in ji Alhaji.

"Na ji, Alhaji. Wallahi ni ban taɓa tofa musu komai ba. Halittar Allah ce, me suka yi mini?"

"Baba, ba a gardama da awo," na ce. Sannan na juya, na nuna kusurwar silin, na faɗi maganar da har yau nake jin ta a kunnena. "Alhaji, ba sai an wahalar da kowa ba. Ga kyamarar tsaro can. Ku sa a kawo hoton, kowa ya gani da idonsa."

Alhaji ya ce wa Sajan ya je ya ɗauko. Sajan ya tafi.

Duk wannan lokaci Kabiru yana durƙushe yana leƙen akwatin, bai sa mana baki ba. Ya miƙe, ya share hannu a wando.

"Alhaji, wannan ba goro ba ne. Mu jar gansakuka muke ce mata, ko da yake ƙwayoyin cuta ne suke taruwa su yi wannan shimfiɗar. Kusan kowane akwati akwai su, 'yan kaɗan. Abu uku ke sa su yi yawa. Na farko, haske ya yi yawa. Wannan labulen na ce a bar shi a rufe, don rana tana bugo gilashin da safe."

Na gyaɗa kai. Ni ne nake buɗe labulen kullum, amma ai wannan taimako ne. Kowace halitta tana son rana.

"Na biyu, abinci ya yi yawa. Abin da kifi bai ci ba ya ruɓe, ya zama taki. Kuma na ga maiƙo a saman ruwan nan. Abincin da na bari ba shi da mai."

A nan ban gyaɗa kai ba. Ya kamata in gaya muku cewa kullum ƙarfe bakwai da minti goma nake isowa, da ƙosaina a leda. Kifayen kuma duk sun rame a idona, abin da Baba Sale yake ba su bai kai cikin farce ba. To, nakan ɗan marmasa musu. Ban taɓa lissafa wannan cikin "zuba abu a ruwa" ba. Sadaka na ɗauke shi.

"Na uku," in ji Kabiru, "ruwa ya tsaya. Akwai ɗan injin da ke kaɗa ruwan a ciki, dole ya yi aiki dare da rana. In yana tsayawa, wannan abin ya samu wurin kwanciya." Ya sunkuya bayan tukunyar fure inda soket yake. "Ikon Allah. Ga filoginsa a ƙasa. Cajar wa ce wannan?"

Baƙar waya ce a jikin cajar, gilashinta da tsaga a kusurwar hagu. Na san tsagar. Na san ranar da ta tsage.

(Ku yi mini adalci. Soket ɗin ofishina ya lalace tun kafin azumi. Filogi uku ne a bayan tukunyar nan. Na gwada na farko, fitilar akwatin ta mutu, na mayar. Na gwada na biyu, wani abu ya daina ƙara, na mayar. Na cire na uku, ban ga abin da ya canja ba, sai na yanke hukuncin cewa ba shi da aiki. Da awo na yi.)

Na gyara murya. "Alhaji, tunda Kabiru ya yi bayani, ina ganin ba sai an ɓata lokacinku da kyamara ba."

"A'a," in ji Alhaji. "Kai ka nema."

Sajan ya shigo da kwamfuta, ya ɗora a kan tebur, ya juyo da ita yadda kowa zai gani. Ya fara da ranar Litinin ta makon da ya wuce.

Ƙarfe bakwai da minti goma, ƙofa ta buɗe. Wani mutum ya shigo da leda. Ya je ya yaye labule, ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon rana kamar shi ya fito da ita. Ya durƙusa bayan tukunyar fure, ya cire filogi, ya sa caja. Ya miƙe, ya buɗe murfin akwatin, ya ciro ƙosai, ya gutsura, ya marmasa sauran a ruwa. Daga nan ya kai fuskarsa daf da gilashi yana magana, yana kaɗa ɗan yatsa. Hoton ba ya ɗaukar murya, wannan kaɗai ce rahamar da na samu a ranar.

"Me kake ce musu, Oga?" in ji Sajan.

Na kafa ido a kan rahotona. (Ina yi wa wani kifi mai ruwan ɗorawa faɗa ne saboda yana hana ƙananan ci. Manaja nake kiransa.)

"Sa Talata," in ji Alhaji.

Talata ma haka. Laraba ma haka, sai dai ranar da ƙuli-ƙuli. Ranar Alhamis mutumin ya kammala komai, ya ja da baya, ya sara wa kifayen kamar soja. Sajan ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Kabiru ya zauna a ƙasa.

Ni na zaci an gama. Amma Alhaji ya ce a wuce gaba zuwa yamma. Ƙarfe huɗu da rabi, mutumin ya zo ya cire wayarsa ya tafi, ya bar filogin a yashe. Bayan minti biyu Baba Sale ya shigo. Ya ajiye tsintsiya, ya dafa bango ya durƙusa da ƙyar, ya mayar da filogin. Ya ja labule ya rufe. Ya ɗauko 'yar raga ya tsame gutsattsarin ƙosan da ke yawo a saman ruwa. Kowace rana haka.

Dariyar ta tsaya. Alhaji ya dubi Baba Sale.

"Sale, kana ganin wannan kullum, aikinka yana shirin tafiya, ka yi shiru?"

Baba Sale ya sunkuyar da kai. "To, Alhaji, goro aka tambaye ni. Kuma Yallaɓai babba ne, ba ni zan tona shi gaban mutane ba. Na san dai akwai Allah." Ya ɗaga ido ya dubi kusurwar silin. "Akwai kuma kyamara."

Na so in yi magana. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Launukan sun yi kama sosai." Alhaji ya miƙo hannu, na ba shi rahoton, ya ninka shi huɗu, ya miƙa wa Baba Sale. Ya ce ya riƙa naɗe goro a ciki.

Hukuncin da aka yanke mini shi ne in zama ɗan aikin Kabiru har akwatin ya warke. Aka fara da zuƙe jan abin da siririn tiyo zuwa bokiti. Sai an ja da baki ruwan yake fara zubowa, kuma ba wanda ya gaya mini lokacin da ake saki. Na haɗiyi kurɓi biyu. Ban taɓa zuwa teku ba, amma na san ɗanɗanonsa, har da yauƙin. Muka canja wani kaso na ruwan da tataccen ruwa da gishirin da aka yi musamman don wannan aiki, ba na miya ba. Aka rage abinci. Aka bar injin yana kaɗawa. Sannan Kabiru ya ce a kashe fitila, a lulluɓe akwatin kwana uku kada haske ya shiga. Aka rasa abin rufewa, sai Baba Sale ya kawo tabarmi biyu daga cikin waɗanda na mayar baya saboda saƙarsu ta karkace. Suka rufe akwatin ruf, ko ƙyalli bai shiga ba.

Ranar Asabar na hau keke napep na tafi Challawa, na sami Baba Sale a ƙofar gidansa da maƙwabtansa. Na durƙusa na ba shi haƙuri a gabansu, tunda a gaban mutane na zarge shi. Na ajiye masa ƙullin goro. Ya buɗe, ya ga duk fari ne.

"Fari ka sayo, Yallaɓai?"

"Don a zauna lafiya, Baba."

Ya ɓare ɗaya, ya jefa a baki. "Shi ma in aka tauna ja yake komawa. Ka sa a rahoto."

Abin da na koya bai da yawa, amma ina aiki da shi. Duk ranar da na ga wani abu ya lalace, na kuma ji na gano mai laifi cikin sauƙi, nakan fara laluba aljihuna in ji ina wayata take.

Bayan mako uku yashin ya koma fari, kifayen bakwai duk suna nan. Baba Sale yana kan aikinsa, kuma shi ke riƙe da makullin ɗan akwatin ƙarfen da aka rufe soket ɗin da shi. Ni kuwa a ɗakin masu gadi nake cajin wayata, kuma duk safiya in na shiga, Sajan yakan miƙe ya sara mini.